Gwiwoyin Baba da Kwamin Shanu

Baba maginin rijiya ne. Ya shekara arba'in yana shiga ƙasa da igiya a ƙugu, daga ƙauyenmu na kusa da Attantane har garuruwan da ke arewacin Mayahi, inda ruwa yake da nisa, sai an yi gaba talatin ko arba'in kafin a ji laima. Gaba, wato tsawon hannu biyu idan mutum ya buɗe su, shi ne ma'auninsa na komai. Ko nisan masallaci daga gida ka tambaye shi, da gaba zai ba ka amsa. Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Ina yaro "kai" nake, da na zama malamin lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa sai na koma "Mushe", yadda ake kiran malami da Faransanci. Yana faɗinta da wani ɗan murmushi da har yau ban tantance yabo ne ko tsiya ba.

Bayan ya bar aiki ne gwiwoyinsa suka fara cinsa. Shi ya ce sanyin rijiya ne ya taru, tun na kwanakin da yake wuni tsaye cikin ruwa yana yasar laka. Na kawo shi Tasawa wurin likita. Likitan ya lallatsa gwiwoyin, ya ce haɗin ƙashin ne ya goge, ba ya komawa sabo, amma ɗumi yana sassauta shi, kuma kada ya daina motsa ƙafafun. Ya rubuta ƙwayoyi. Da sanda Baba yana zuwa ko'ina a cikin gari. Abu ɗaya ne ya gagare shi, durƙuso. Wanda kuwa ba ya durƙusawa ba ya sujada.

Na sayo masa farar kujerar roba a kasuwar Tasawa, na ɗaure ta a bayan moto, wato babur, na kai masa har gida, ina jin na yi abin kirki. Liman da kansa ya gaya masa babu laifi mara lafiya ya yi salla a zaune. Ya kai kujerar masallaci kwana uku, aka ajiye masa ita a ƙarshen sahu kusa da ƙofa, inda takalma suke. A rana ta huɗu ya dawo da ita zaure, bai sake fita jam'i ba. Inna ce ta gaya mini, don shi ba zai faɗa ba.

Da na je na same shi a zauren yana shafa goshinsa da ɗan yatsa. Yana da tabon salla, baƙi, kamar girman ƙwallon dabino, wanda tun ina ƙarami nake ganinsa. Na lura ya fara kodewa.

Ya ce, "Mushe, ni da na sauka gaba arba'in cikin ƙasa, yau daga nan zuwa nan ya gagare ni." Ya nuna goshinsa, ya nuna ƙasa. "Shekara biyu ke nan goshina bai taɓa ta ba."

Tausayinsa ya kama ni, na kuma ji haushin kujerar da na saya.

To ni tarihi da labarin ƙasa nake koyarwa, kuma ina da wata ɗabi'a da matata take kira cin rai: ba na iya barin tambaya ta kwana. Tunda likita ya ambaci ɗumi, sai na shiga bin labarin wuraren wankan magani kamar wanda za a yi wa jarrabawa. Na karanta abin da na samu a littattafan lakwal da cikin waya. Na tarar Romawan da can suna gina manyan gidajen wanka, ɗaki mai zafi, ɗaki mai ɗumi, ɗaki mai sanyi, mutum ya bi su ɗaya bayan ɗaya, a can ake hira, a can ake ƙulla ciniki. Larabawa da Turkawa suka riƙe nasu, shi ne hamam, har ya iso ƙasashen arewa da mu. A Turai akwai garuruwan da ruwa kaɗai ya kafa su, likita ya rubuta wa mutum ya je ya yi makonni yana jiƙa jikinsa yana shan ruwa mai ɗanɗanon ƙarfe. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda mutanen irin waɗannan wurare suke ba da labarin farkonsu. Sau da yawa ba sarki ba ne ya gano ruwan, ba kuma likita ba. Wata dabba ce mai ciwo, maharbi ko makiyayi ya ga tana zuwa tana tsayawa cikin taɓo mai ɗumi, ya bi ta a baya.

Na zo wa Baba da wannan duka, ina zuba kamar ina gaban allo. Inna tana gefe tana tsince wake, ta saurara har na kai aya, sannan ta ce, "To mi ne sabo a nan? Mu da munka yi wankan jego kwana arba'in-arba'in da ruwan zahi da ganye, sau bakwai? Kai kanka sau nawa na luɓe ka da bargo bisa tukunyar dogon yaro kana kururuwa?" Gaskiyarta. Na tuna suracen, da ɗacin tururin a maƙogwarona, da yadda nake leƙo kai tana mayar da shi. Ashe mu ma muna da namu tarihin, ba a dai gina masa ɗaki ba.

Wurare biyu na tsayar. Na farko wani sabon gidan wanka a Maradi, wanda wani mutum da ya daɗe yana aiki a Aljeriya ya buɗe, da ɗakin tururi da mai tausa. Na biyu Tafadek, can arewacin Agadas, inda ruwan zafi yake fitowa daga cikin duwatsu, masu sanyin ƙashi suna zuwa su yi kwanaki. Tun muna yara muke jin sunan wurin a bakin Buzayen da ke saukowa da gishiri da dabino. Na jera wa Baba amfanin kowanne da wahalarsa, na ce ya zaɓa.

Bai tambayi nisa ba, bai tambayi wurin kwana ba. Ya ce, "Ruwan na arewa, wa ka hura mashi wuta?"

Na ce, "Ba a hurawa, Baba. Haka yake fitowa daga ƙasa."

Ya yi dariya har da tari. "Ɗumi dai na sani. Kowa ya san ruwan rijiya da sahiyar sanyi ɗumi gare shi. Amma zahi? Mushe, na shiga cikin ƙasar ga fiye da yadda ka shiga aji. Babu wuta cikinta. Wani ne ke ɓoye da itace bayan dutse shina cin kuɗinku."

Na yi masa bayanin cewa ƙasa tana ƙara zafi idan aka ƙara zurfi, har na zana masa a kan rairayi da tsinke. Ya dubi zanen, ya tambaye ni gaba nawa na taɓa sauka. Na ce ko ɗaya. Ya ce to. Da haka maganar Tafadek ta mutu, da ma kwana biyu a mota ba abin da gwiwoyinsa za su ɗauka ba ne. Ya yarda da Maradi, ya ce can aƙalla ba su ɓoye tukunyarsu ba.

Mun shiga motar safe daga tashar Tasawa, na samo masa kujerar gaba don ya miƙe ƙafa. Gidan wankan yana da tsabta, ga tayil fari har bango, ga ƙamshin sabulu. Mai gidan ya tarbe mu da ladabi, yana ce wa Baba "Alhaji" ko da yake bai je ba. Aka ba shi zane ya ɗaura, na riƙe shi muka nufi ɗakin tururin. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, ba taga, ƙofarsa mai kauri. Da aka buɗe ta sai farin tururi ya bugo mu, ba ka ganin bangon ciki.

Baba ya ja ya tsaya. Ya ce in miƙo masa rigarsa. Ya laluba aljihu ya ciro ashana, wadda ba ta rabuwa da shi ko da yake bai taɓa shan taba ba. Ya ƙyasta, ya miƙa hannu can cikin ɗakin, ya sunkuyar da ita ƙasa-ƙasa. Ta mutu. Ya ƙyasta ta biyu, ita ma ta mutu. Ta uku ko kamawa ba ta yi ba. Ya mayar da kwalin aljihu, ya ce, "Ba ni shiga."

Sai a nan na gane abin da yake yi. Magina rijiya ba sa sauka tsohon rami sai sun fara zura fitila da igiya. Idan ta kai ƙasa tana ci, akwai iska, mutum ya sauka. Idan ta mutu, ramin ya mutu, wanda ya shiga ba ya fitowa da ƙafarsa. Ƙanin Baba, wanda ban taɓa gani ba, haka ya rasu kafin a haife ni, ranar da suka yi gaggawa ba su zura fitila ba.

Na sani, amma duk da haka raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, laima ce ta kashe ta, ba rashin iska ba. Ga mutane can ciki suna hira." Mai gidan ma ya sa baki, ya shiga ya fito don ya nuna masa, yana dariya cikin ladabi. Baba ya dube shi ya ce, "Allah shi ba ka kasuwa, ɗana. Amma inda wuta ta ƙi zama, ni ma ba ni zama." Tausa kaɗai ya yarda aka yi masa, yana ta gaya wa mai tausar ya ƙara ƙarfi. A mota ban yi masa magana ba har muka wuce Gazawa. Shi kuwa ya sayi rake ta taga yana sha, hankalinsa kwance.

Bayan kaka, sanyi ya fara shigowa, na je gida hutu na tarar da baƙo a zaure. Wani dattijon Bafillace ne, tsohon abokin Baba, wanda Baba ya gina wa danginsa rijiyar shanu tun suna da ƙarfi. Ni Baffa nake ce masa. Tsakaninsu da Baba ba a gaisuwa sai da tsokana. Ya dubi farar kujerar ya ce, "Magini, ashe ka zama gomna ban ji ba?" Baba ya ce gomnan da ba shi da saniya ko ɗaya ya fi mai shanu ɗari da ke kwana a kan kara.

Abin da ya ja hankalina shi ne yadda Baffa ya zauna. Shekarar da ta wuce na gan shi yana jan ƙafar hagu, sai ya dafa bango kafin ya kai ƙasa. Ranar nan kuwa naɗe ƙafafu ya yi a kan tabarma ba tare da nishi ba. Na tambaye shi wane magani ya sha.

Ya ce, "Ba magani, Mushe. Foraj ne." Ya ba mu labari. A wata makiyaya da ke arewa da mu, tafiyar rabin wuni a amalanke, an haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, mai zurfi ƙwarai don dabbobi. Ruwansa da zafi yake fitowa, har shanu ba sa sa baki sai ya huce a kwamin da ake shayar da su. Akwai wani tsohon kwamin siminti da ya tsage, aka daina shayarwa a cikinsa, ruwa yana tsiyaya ya yi taɓo a gefe. Wata tsohuwar saniyarsa mai ɗingishi ta riƙa barin garke kullum da safe tana zuwa ta tsaya cikin taɓon. Ya kore ta ya gaji. Wata rana ya shiga korarta, ƙafarsa ta nutse har ƙauri, ya ji daɗi, ya tsaya tare da ita.

Na ce masa, "Baffa, ka san abin da ka faɗa yanzu yana cikin littafi?" Ya ce shi bai gaya wa kowa ya rubuta ba.

Sai dai akwai matsala, kuma duk wanda ya san Baba ya san ta. Ba ya ƙaunar foraj. Ranar da motar haƙa ta fara shigowa yankinmu, ta yi cikin mako guda abin da yake yi a wata biyar, ya je ya tsaya ya kalla, ya dawo bai ci tuwo ba. Daga nan kiran aiki ya riƙa raguwa har ya ɗauke. Yakan ce ramin da mutum bai shiga ya gaisa da ruwansa ba, ba rijiya ba ce, huda ce. Ko da aka kafa famfo a ƙauyenmu, Inna sai ta aika a ɗebo masa na tsohuwar rijiya a tulu daban. Don haka ban ko buɗe baki na ce mu je ba.

Baba ne da kansa ya yi magana. "Zahi ka ce?"

Baffa ya ce, "Zahi. Ba ka iya barin hannu a bakin tiyo."

"Rana ce ta gasa tankin."

"Babu tanki tsakani. Kuma da asuba ma haka shike."

"To injin ne."

"Injin shina can gefe, ruwa bai bi ta cikinai."

Baba ya shiga murza gemu. Na ga abin yana cinsa, kuma na gane inda na gado cin raina. Can ya ce, "Ƙarya kake, Bahillace. Gobe in sha Allahu za ni in gani da idona, in dawo in hwaɗa wa gari." Bai ce zai je neman magani ba, ni ma ban ce ba. Inna ta ɗaure mana fura da ƙuli da garin rogo, ta saka zanen wanka a ƙasan jaka ba tare da ta nuna masa ba.

Mun tafi tare da Baffa a amalanken shanu, ta cikin gonakin da aka gama girbe, kara a tsaye, rumbuna sababbin rufi. Rairayin wajen yana da zurfi, ƙafar amalanke tana nutsewa, sau biyu na sauka na tura. Kafin azahar muka hango wurin: fili ne da kofato ya tattake, ɗan ɗakin inji, dogayen kwamaye uku, da garken shanu suna jiran layi. Can gefe ga tsohon kwamin, an kewaye shi da zana.

Baba bai gaisa da kowa ba sai da ya isa bakin tiyon. Ya sa hannu, ya fizge. Ya sake sawa a hankali. Ya tara a tafinsa ya shinshina, ya kurɓa, ya juya shi a baki kamar mai ɗanɗana miya, ya tofar. Sannan ya bi bututun ƙarfen da sanda, taki ɗaya-ɗaya, tun daga kwami har inda ya fito daga ƙasa, yana neman wurin da aka ɓoye wutar. Ya leƙa ɗakin inji, ya zagaya bayansa. Mai kula da wurin, wani magidanci mai haƙuri, yana biye da shi yana amsa tambayoyi. Baba ya tambaye shi gaba nawa ne. Mutumin ya ce shi da mitir ya sani, ya faɗa. Na mayar masa da lissafin zuwa gaba, ya fi ninki biyar na rijiyarsa mafi zurfi. Ya sa na sake lissafawa. Sai ya ce, a hankali, "Ashe ban je ko'ina ba."

Ni kuwa wajen zanar nan idona yake. Abin da na karanta a kan ƙasashe masu nisa, ga shi yana tsirowa a gabana cikin kashin shanu. Baffa ya ce da farko shi kaɗai ne da saniyarsa. Sai wasu tsofaffi biyu suka bi shi. Sai wani ya liƙe tsagar kwamin da siminti don ruwa ya zauna. Da mata suka fara zuwa sai aka kafa zana, aka raba lokaci, maza da hantsi, mata bayan la'asar. Sai mai shayi ya kafa teburinsa a ƙarƙashin wata aduwa. Yanzu har akwai rumfar kara ta baƙi masu kwana, da wata tsohuwa da ke sayar da ganyen sabara a ƙulle, wai a jefa cikin ruwan. Har an fara gardama a kan ƙa'ida: wasu sun ce kwana uku ake yi, wasu sun ce bakwai, kuma kowa yana faɗin tasa kamar daga kakanni ya gada, alhali wurin bai fi shekara biyu ba. Na tambayi mai shayin sunan wurin, ya ce ba a sa ba tukuna, kowa "kwamin tsohi" yake cewa, wato na tsofaffi. Na yi ta rubutu a ɗan littafina har Baffa ya tambaye ni ko haraji zan sa musu.

Washegari da hantsi Baba ya tsaya a bakin zanar ya ɗaga kai. Babu rufi, sama ce a buɗe. Bai ciro ashana ba. Ya ce tunda ya zo, bari ya ji ko zafin yana kai wa ƙashi ko a fata yake tsayawa, don kada ya ba da labari rabi. Na fito da zanen da Inna ta ɓoye, ya dube shi, ya dube ni, ya karɓa. Ni da Baffa muka ɗaga shi muka zaunar a cikin kwamin, ruwa har ƙugu, tsakanin wani tsohon maɗinki daga Mayahi da wani Buzu mai ciwon baya. Ya rufe ido. Bayan ɗan lokaci na ji ya fara ba su labarin wata rijiya da ya gina wadda ruwanta ya zo da ƙarfi har ya bar gatarinsa a ciki.

Muka yi kwana ɗaya, muka yi biyu, muka yi huɗu. Kullum sai ya ce gobe za mu koma, kullum sai ya samo wata tambayar da bai gama ba. Ni ina lura da tafiyarsa, ban ga wani babban canji ba, sai dai ya rage nishi idan zai tashi. Salla kuwa a kan wani bencin mai shayi yake yinta, a zaune, can nesa da inda sauran suke jam'i. Na fara saƙa a raina cewa wannan ma zai zama kamar Maradi, mu koma da labari kawai.

Tambayar da ta fi damunsa ita ce ta ido. A rijiya, idon ruwa shi ne inda yake ɓuɓɓugowa, kuma magini yana jin motsinsa kafin ya gan shi, ya kara kunne a ƙasan ramin ya saurara. Baba ya kasa yarda a ce ruwa ya taso daga wannan zurfi ba a ji tahowarsa. A rana ta biyar ya daɗe a kwamin fiye da kullum, har fatar yatsunsa ta tattare. Ya fito ya sa riga, ya yi alwala da ruwan ɗumin don azahar ta gabato. Mai kula da wurin ya tayar da inji. Baba ya nufi inda bututun ya fito daga ƙasa, ni ina bayansa da ɗan littafina.

Ya kara kunne a jikin ƙarfen a tsaye, ya ce ƙarar inji ta cika. Ya sunkuya, ya ce har yanzu. Ya miƙo mini sandar ba tare da ya waiwayo ba. Ya dafa bututun, ya sauke gwiwa ɗaya, ya sauke ta biyu, yana ta mita a kan injin. Ya dafa ƙasa da tafukansa biyu, ya kwantar da kunnensa a kan jiƙaƙƙen rairayin da ke gindin ƙarfen.

"Ga shi nan!" ya ce. "Mushe, ga shi nan shina tahowa! Zo ka ji!"

Ban motsa ba. Ina tsaye riƙe da sanda. Baffa da ya taso daga wurin mai shayi ya tsaya a gefena, shi ma bai yi tsokanar da ya zo da ita ba.

Na ce, "Baba, dubi yadda kake."

Na ga bayansa ya daina motsi. A hankali ya ɗago kunnen, ya dubi hannayensa a ƙasa, ya dubi gwiwoyinsa. Fuskarsa tana kallon arewa ne. Bai nemi mu taimake shi ba. Ya riƙa jan gwiwoyin kaɗan-kaɗan cikin rairayi, yana cije leɓe, har ya daidaita da gabas. Sannan ya sa goshinsa a ƙasa.

Ya daɗe. Inji yana ta bugawa, shanu suna ta turereniya a kwami, wata ma ta zo ta shinshina rigarsa Baffa ya kore ta. Ban san abin da ya faɗa a wurin ba, ban kuma taɓa tambayarsa ba. Ni dai na yi kuka, a gaban makiyaya da mai shayi, ban ji kunya ba.

Ba zan ce ruwan ya warkar da shi ba. Likita ya riga ya faɗi gaskiya, ƙashin bai koma sabo ba, kuma tashinsa daga wurin sai da ni da Baffa muka kama shi ta hammata biyu, yana salati don zafi. Da ya tsaya na miƙa masa sandarsa. Jiƙaƙƙen rairayi ya manne masa a goshi, daidai kan tabon da ya kode. Na ɗaga hannu zan share masa.

Ya buge hannuna, ya ce, "Bar shi. Innarka ba ta gani ba tukuna."